Jeri Biyu, Ɗaya Ya Fi Tsawo

Ban cika son ba da labarin zuwana Holan ba, domin duk lokacin da na fara sai in ji kamar ina ƙara gishiri, ko ina rage wani abin da ya kamata a faɗa. Amma ƙannena masu son fita suna yawan tambaya, don haka zan rubuta abin da na tuna, gwargwadon yadda na tuna shi.

Ni ɗan Ketare ne, ta ƙasar Kankara. Lissafi na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na zauna a Kankara wurin yayata, ina koyarwa da safe, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta da kaina duk ranar da aka samu caji. Daga nan wani ƙaramin kamfani a Holan ya ɗauke ni aikin gwaji. Takardar zamana a ƙasar a ɗaure take da aikin. Idan gwajin ya ƙare a ƙarshen hunturu suka ce ba sa buƙatata, sai in tattara in dawo. Dawowa ba abin kunya ba ne, sai dai Baba ya daina zuwa gonarmu ta bakin daji tun da hanyar ta zama abin da ta zama, kuma abin da gonakin kusa da gida ke bayarwa ba ya kai mu shekara. Ba wanda ya ce min da baki ni ake jira. Ba a buƙatar faɗa.

Zangona na farko ƙofar wata tsohuwa ce. Tun ina gida na kama ɗaki ta intanet a hannun wani mutum mai ladabi ƙwarai a rubuce, wanda ya turo min hotunan ɗakin da kicin da taga mai kallon ruwa, ni kuma na tura masa kuɗi. Na sauka daga jirgin sama, na shiga na ƙasa, na ja akwatina cikin yayyafi har lambar gidan. Tsohuwar da ta buɗe ta dubi akwatin kafin ta dube ni.

"Ɗaki ka zo nema," ta ce da Turanci.

Na nuna mata hotunan a waya. Ta sa gilashinta ta duba.

"Kicin ɗina ne. Wannan labulen ma na daɗe da canza shi. Ban san mutumin ba, kuma ba kai ne na farko ba. Shigo, kana jiƙewa a banza."

Ta ba ni shayi ba madara da biskit, ta bar ni na yi cajin waya. Na kira lambar mutumin, a kashe. Ina jin ya kamata a ce na yi fushi, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda zan faɗa a gida, har na yanke ba zan faɗa ba. Da ta ga ina duba lokacin salla, ta ce akwai masallaci bayan tashar jirgin ƙasa, ta raka ni da lemarta har kwanar layi. Ban tambayi sunanta ba.

A masallacin, bayan la'asar, ina zaune wurin ajiye takalma ban san ta inda zan fara roƙon mutane ba, sai na ji wani dattijo yana faɗa a waya da Hausa, irin wadda ake ji ranar kasuwa a Kankara. Na jira ya gama, na durƙusa na gaishe shi.

"Kai kuma daga ina?"

"Daga Ketare, Baba. Jihar Katsina."

"Katsina," ya ce yana kallon akwatina. "Mu na Maraɗi mu ne Katsinawan asali. Ku gadin gida muka bar maku kuka riƙe. Mi ya hwaru?"

"Wato, mai yiwuwa an ɗan samu rashin fahimta ne tsakanina da mai ɗakin da..."

"An cuce ka."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ba kusan ba. Ɗauko jakar."

Sunansa Malam Isuhu. A shagon wani mahauci Bamaroke yake aiki, ɗakinsa kuma a saman shagon. Ya ba ni doguwar kujerar falonsa, ya raka ni ofishin gari aka yi min rajista da adireshinsa. Kukar da Inna ta ƙulla min ita ce hayata ta farko. Ranar da ya kaɗa miyar sai da ya suɗe kwanon, sannan ya ce kukar Najeriya ba ta kai ta Nijar ba, ya ɓoye sauran a cikin durowarsa.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne babba a saman wani shagon kekuna. Aikin kamfanin kula da gidajen gilashi ne, inda ake noman tumatir a tsakiyar sanyi da bututun ɗumi. Mutum biyu ne suka shafi labarina. Marika ita ce ke tafiyar da kamfanin. Henk kuma shi ne babban mai rubuta manhajar, dogo, mai furfura, sa'an Baba ko ya ɗan fi shi. A hannunsa aka sa ni, kuma tun ranar farko Marika ta faɗa min cewa abin da Henk ya ce a kaina a ƙarshen gwaji shi za a bi.

Na kira shi Mista Henk. Ya ce likitan haƙorinsa kaɗai ke kiransa haka. Ban iya kiran sunan zalla ba, sai na koma fara magana ba tare da kiran suna ba.

Yadda suke aiki, mutum biyu ne a kwamfuta ɗaya, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana kallo yana tsoma baki. Salon rubutunsu kuma suna kiransa salon fankshin, kuma ya sha bamban da wanda na koya a Kankara. Ni na saba in buɗe wani ma'aji in sa sifili, in yi ta zagaya lambobi ina ƙara masa. A wurinsu abu idan ka sa masa suna ka ba shi ƙima, ya zauna ke nan, ba ka sake taɓa shi. Ƙananan ayyuka ake rubutawa, kowanne ya karɓi abu ya miƙo abu, ba ya taɓa komai a gefe, sai a jona su bakin wannan a gindin wancan. Da farko na ga kamar an ɗaure min hannu. Daga baya na ga lissafin da na karanta ne kawai, kuma raina ya kwanta da shi fiye da yadda na zata.

Wata rana Henk ya ɗauke ni a motarsa muka je ganin wani manomi. Gidan gilashin ya fi filin ƙwallon makarantarmu girma. A waje sanyi na yanka kunne, a ciki tumatir ya wuce kaina. Warin ganyen ya doke ni, sai na ga lambun Kawu Sale a Mairuwa, ƙanin Baba, da shi kansa ya naɗe wando yana jan ruwa daga fangali zuwa fangali. Na tsaya a baya kamar ina duba bututu har idona ya bushe. Manomin ya nuna min wayarsa ya ce ita ce ke barinsa ya yi barci. Idan ɗumi ya kauce, manhajarmu za ta buga masa ƙararrawa. Idan ta yi shiru, lafiya ke nan.

Zuciyar manhajar ɗan gajeren lissafi ne da Henk ya rubuta shekaru da suka wuce. Akwai jerin lambobi biyu. Ɗaya shi ne zafin da ya kamata a samu a kowace awa, ɗayan shi ne wanda na'ura ta auna. Ana son lamba guda da za ta nuna tazarar da ke tsakaninsu. Sai a haɗa su bibbiyu, na farko da na farko, na biyu da na biyu. Aikin da ke wannan haɗin sunansa zif, kamar na wando, don haka yake kama haƙoran gefe biyu. A kowane biyu a ɗebe ɗaya daga ɗaya, a ninka abin da ya rage da kansa, a tattara duka wuri guda, sannan a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimlar. Ita ce tazarar. Idan ta yi girma, ƙararrawa ta buga. Layi ɗaya ne, kuma kyakkyawa. Na daɗe ina kallonsa.

Wataƙila da ni ba mai yawan fargaba ba ne, da ban ga komai ba. Amma ni mutum ne mai komawa ya sake taɓa ƙofar da ya kulle. Na tambayi kaina me zai faru idan jerin biyu ba su yi tsawo ɗaya ba. Na gwada a kwamfutata. Zif ba ya ƙorafi. Inda gajeren gefe ya ƙare nan yake tsayawa, ya watsar da sauran ba tare da ya ce komai ba. Ke nan idan na'ura ta mutu da yamma, jerin da aka auna zai gajarce, a kwatanta awannin rana kaɗai, tazara ta fito ƙarama, waya ta yi shiru, ko da sanyi ya shiga ya kashe gonar. Duk gwaje-gwajen da aka yi wa layin, da jeri masu tsawo ɗaya aka yi su.

Na sake gwadawa sau da yawa don kada a ce ni ne ban gane ba. Washegari muna zaune a kwamfuta ɗaya na tattara ƙarfin halina.

"Ina ɗan tunani ne, kuma mai yiwuwa ni ne ban fahimci harshen sosai ba, ko akwai wani yanayi, ba lallai ya taɓa faruwa ba, da tsawon jerin zai iya ɗan shafar amsar?"

Henk bai ɗauke ido daga allo ba. "Tambaya kake yi, ko cewa kake akwai kuskure?"

Mutum ne mai furfura, kuma layinsa ne.

"Tambaya ce kawai," na ce.

"To amsar ita ce a'a. Tsawonsu ɗaya kullum. Mu ci gaba."

Muka ci gaba.

A gidanmu akwai yadda ake yin irin wannan. Idan Baba ya ɗauki wata hanya da muka ga ba za ta ɓulle ba, misali shekarar da ya dage zai sake shuka irin masarar da ta ba mu kunya, ba ɗan da zai tsaya gabansa ya ce ya yi kuskure. Kawu Sale ake samu a Mairuwa a yi masa bayani. Shi kuma ya zo kamar ziyara, a ci abinci, a yi hirar ruwa da ta taki, sai ya kawo maganar a matsayin tunaninsa. Baba ya canza shawara da girmansa, kowa ya san abin da aka yi, ba wanda ya ji ciwo. Na faɗa wa Malam Isuhu halin da nake ciki yana wanke wuƙaƙensa.

"Babba ne?"

"Ya kai sa'an mahaifina."

"To mi kake jira? Ka nemi abokinshi."

Abokin Henk a ofishin Marika ce. Tare suke cin burodinsu da rana, tare suke hawa keke su tafi. Na san ita ce shugaba, amma a raina na ajiye ta a wurin Kawu Sale. Na same ta ita kaɗai a kicin, na nuna mata jeri biyu a kwamfutata da amsar da ke fitowa. Na roƙe ta ta kawo maganar kamar ita ta gano, kada ta ambaci sunana. Ta ce wannan babban abu ne, ta gode. Game da sunan ta yi dariya, ina jin ta ɗauka tawali'u ne.

Kowace safiya akan yi ɗan taro a tsaye. A na washegari Marika ta ce, "Lawal ya gano kuskure mai hatsari a lissafin tazara, ya zo ya nuna min jiya. Henk, ka duba shi yau." Wasu suka juyo suna min murmushi. Henk ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to.

Tun daga ranar bai sake jan kujera kusa da tawa ba. Yakan turo min aiki a rubuce, in yi in mayar, ya amsa da kalma ɗaya. Bai taɓa min rashin mutunci ba. Wani abokin aiki ne ya fahimtar da ni, cikin tausayi, yadda abin ya kasance a idonsu: ɗan gwaji ya ga kuskuren wanda zai yanke masa hukunci, an tambaye shi ido da ido ya ce babu, sannan ya zagaya ya kai wa shugaba. Da ya jera min shi haka, ni ma ban ga yadda za a fassara shi da alheri ba.

Na kai wa Malam Isuhu labari.

"A gaban mutane ta hwaɗi sunanka?"

"A gaban kowa."

"To, ni dai nama nika saidawa," ya ce. Da yamma ya hawo da ƙashin miya mai yawa, ya fito da kukar daga durowa.

Wannan shi ne zango mafi tsawo, ko da yake ba inda na je. Gari ba ya wayewa sai na kai ofis, kuma kafin in tashi duhu ya yi. Ranar Juma'a nakan kira gida. Baba ya tambaya ya aiki, in ce alhamdu lillahi, ya tambaya ya maigidan naka, in ce yana lafiya, ya ce in riƙa yi masa biyayya. Inna ta karɓi wayar ta ba ni labarin wanda ya haihu a Damari da wanda ya tashi ya koma Faskari da iyalinsa. Na fara duba kuɗin jirgin komawa, in rufe, in sake buɗewa. Na rubuta wa Henk ban-haƙuri a raina ta hanyoyi da yawa, amma kowacce da "mai yiwuwa" take farawa, kuma na lura kalmar tana ɓata masa rai.

Ranar da za a zauna a kaina, da hantsi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni kamar ba a yi komai ba.

"Kafin taron, ga gyaran da na yi wa tazarar. Duba."

Na duba. Ya sa idan jerin da aka auna ya gaza, a cike gurbin da sifili har tsawon ya daidaita, sannan a yi zif. Na karanta sau biyu. Sifili a ma'aunin zafi ba ya nufin babu, yana nufin ƙanƙara. Duk lokacin da na'ura ta tsallake awo ɗaya saboda sadarwa ta ɗan yanke, manhajar za ta ɗauka gonar ta daskare, ta tashi manomi. Idan aka tashe shi a banza sau da yawa, zai kashe ƙararrawar. Kuma idan a tsakiya awon ya ɓace, duk na bayansa za su goce, a haɗa ƙarfe uku da ƙarfe huɗu.

Har yau ban san ko da gangan ya rubuta shi haka don ya gwada ni ba, ko kuwa iyakar abin da ya gani ke nan cikin sauri. Ban tambaya ba. Yana zaune ya harɗe hannu yana jira. Na ji bakina ya ɗauko "wataƙila", na haɗiye ta.

"Wannan ma kuskure ne," na ce.

Ban taɓa faɗa wa mai furfura haka ba. Na ji kamar na yi ashar a masallaci. Shi kuwa ko gira bai ɗaga ba.

"Me ya sa?"

Na faɗa masa. Na ce abin da ya dace shi ne idan tsawo ya bambanta, aikin ya ƙi ba da lamba, ya ce babu amsa.

"Babu amsa," ya maimaita. "Wa zai ji babu amsar taka? Waya ta yi shiru, mutum yana barci, tumatir ya mutu. Ka dawo da mu inda muka fara, sai dai yanzu da ladabi."

Yana da gaskiya, kuma ban yi tunanin wannan ba. Amma sifilinsa bai zama daidai ba don nawa ya gaza, kuma na faɗa masa haka. Ya miƙe ya je farin allon bango ya rubuta jeri biyu. Na bi shi na karɓi alƙalamin daga hannunsa, abin da ban san na yi ba sai daga baya. Na ce a daina haɗa su da matsayi, a haɗa kowane awo da awarsa. Ya ce wannan ya yarda, amma awar da ba ta da awo fa? Na ce a tsallake ta a lissafin tazara. Ya ce a'a, rashin awo shi kansa labari ne, dole ya fito a matsayin amsa ta dabam da manomi zai gani. Muka koma gardamar awa nawa za a rasa kafin a tashi mutum daga barci. Muryarsa ta ɗaga, ina jin tawa ma ta ɗaga, domin sauran ma'aikatan sun sa abin toshe kunne.

A tsakiyar haka ya tsaya ya ce, "Ran nan da na tambaye ka, me ya sa ka ce tambaya ce?"

Na yi masa bayanin Baba da Kawu Sale a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe.

"Mahaifinka ya san ku kuke aiko ƙaninsa?"

"Ya sani."

"Kuma ya fi son haka?"

"Ya fi so."

Ya girgiza kai. Bai ce ya gane ba, kuma ba na jin ya gane. Ya juya ga allon ya goge layin da na rubuta na ƙarshe, ya ce shi ma ba daidai ba ne.

Lokacin ne Marika ta leƙo da takardu a hannu ta ce lokacin zaman ya yi.

"Ba yanzu ba, faɗa muke," Henk ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ajiye masa kwantiragin a tebur, ya sa hannu in mun gama. Rabin abin da yake faɗa kuskure ne, kuma zai ɗauke ni aƙalla shekara kafin in nuna masa wane rabin."

Ta ajiye ta fita. Ya miƙo min abin goge allo, ya ce in faɗi dalilin da ya sa nake ganin layin da ya goge daidai ne, idan har ina da dalili. Ina da shi kuwa, sai na sake rubuta layin.